Yadda Ake Shata Iyaka a Kan Teku da Taimakon Tauraron Ɗan'adam

  Darasinmu na yau ya haɗa labarin ƙasa da lissafi da ɗan tarihi. Yana da ɗan tsawo, saboda haka wanda ya riga zuwa ya matsa gefe kaɗan, na baya ma ya samu ya karanta.

Kowa a cikinmu ya san yadda ake gane iyakar gona. Wani ya dasa gamba, wani ya bar aduwa ko kuka ta zama shaida, wani kuma ya kafa dutse. Idan gardama ta tashi, sai mai unguwa ko dagaci ya kira dattawa a je a duba. Ƙasa da ƙasa ma kusan haka suke yi, sai dai su turakun siminti suke kafawa. To, a kan teku fa? Ruwa ba ya riƙe turke, kuma igiyar ruwan da ke nan yanzu an jima ta yi gaba. Duk da haka ƙasashe suna da iyakoki a cikin teku, kuma sun san inda suke daidai. Yau za mu ga yadda ake yin wannan aiki.

Me ya sa ake damuwa da iyakar teku?

Wani zai ce mu da muke nesa da teku, ina ruwanmu? Ruwanmu yana da yawa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 853, daga iyakarmu da Jamhuriyar Benin a yamma zuwa iyakarmu da Kamaru a gabas. A ƙarƙashin wannan ruwa na Mashigin Tekun Gini akwai man fetur da iskar gas, a cikinsa kuma akwai kifi. Kuɗin mai yana shiga asusun tarayya, daga nan a raba wa gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Ke nan albashin malamanmu da allin da suke rubutu da shi suna da alaƙa da rijiyar man da ke can tsakiyar ruwa. Idan layin iyaka ya goce, rijiya ta faɗa ɓangaren wata ƙasa, kuɗinta ma ya tafi can.

Akwai kuma masunta. Mai kwalekwale ba ya ganin layi a kan ruwa. Idan ya tsallaka bai sani ba, jami'an wata ƙasa suna iya kama shi, su ƙwace komarsa da injinsa. Mafi muni kuma, iyakar da ba a tantance ba takan kai sojoji ga harbin juna.

Abin da dokar teku ta ce

A ranar 10 ga Disamba, 1982, ƙasashen duniya suka sa hannu kan Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Jamaika. Ta fara aiki a 1994. Najeriya ta amince da ita tun 1986.

A teku ba da kilomita ake awo ba, da mil na teku ake yi. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Dokar ta kasa ruwan da ke gaban kowace ƙasa kamar haka:

Na ɗaya, mil 12 na farko, wato kimanin kilomita 22. Wannan ruwan mallakin ƙasar ne kamar tudunta, sai dai jiragen ruwan wasu ƙasashe suna da damar wucewa idan ba da mugun nufi suka zo ba.

Na biyu, har zuwa mil 24. A nan ƙasa tana iya tsare jirgi saboda fasa-ƙwauri, ko shige da fice, ko dokokin lafiya.

Na uku, har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Kaduna nesa ba kusa ba. Kowa yana iya bi ta wannan ruwa da jirginsa, amma kifi da mai da gas ɗin da ke ciki na ƙasar ne ita kaɗai.

Na huɗu, idan ƙasa ta nuna hujjar kimiyya cewa tudunta ya ci gaba da miƙewa a ƙarƙashin ruwa, tana iya samun ikon ma'adinan ƙasan teku fiye da mil 200, wani lokaci har mil 350.

Dokar ba ta manta da ƙasashen da ba su da teku ba, irin su Nijar da Chadi. Ta ce suna da haƙƙin kai kayansu teku da ɗauko su ta cikin ƙasashen maƙwabta, bisa yarjejeniya tsakaninsu.

Daga ina ake fara awon?

Nan ne wuyar aikin take. An ce mil 12 daga bakin teku, to ina ne bakin tekun? Teku ba ya tsayawa wuri ɗaya. Saboda jan da wata da rana suke yi wa ruwa, a gaɓar ƙasarmu teku yana cikowa ya janye sau biyu a kusan kowace rana. Inda yake tudu da hantsi yana iya zama ruwa da la'asar.

Dokar ta ce a fara awo daga inda ruwa yake tsayawa idan ya janye, kamar yadda aka nuna a taswirar teku da ƙasar ta amince da ita. Wannan layi shi ake kira layin tushe. Don a same shi, ana kafa na'urar auna tsayin ruwa a bakin teku, tana rubuta hawa da saukarsa dare da rana. Ba aikin mako ɗaya ba ne, domin yanayin cikowa da janyewa yana da wani dogon zagaye na shekara 18.6. Masana suna haɗa abin da na'urar ta rubuta da lissafin tafiyar wata, su fitar da mafi ƙanƙantar matsayin da ruwa zai iya sauka.

Ga dalilin da ya sa ake wannan taka-tsantsan. A ce gaɓa tana da gangare mai sauƙi, inda sai ka yi tafiyar mita 100 kafin ƙasa ta sauka da mita 1. Idan aka yi kuskuren mita 1 a tsayin ruwa, layin tushe ya goce da mita 100 ke nan. A yankin Neja Delta kuwa, inda gaɓar laka ce da ƙoramu da itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, masu safiyo a kwalekwale suke shiga, wani wuri ma laka har gwiwa.

Bayan an gano inda layin yake, sai a ba muhimman wurare a kansa lamba. Lambar ita ce latitud da longitud da muka koya a aji, wato layukan kwance da layukan tsaye na taswira. Ana rubuta su da digiri da minti da sakan. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne, minti ɗaya kimanin mil ɗaya na teku, sakan ɗaya kuma kimanin mita 31. Iyakar teku ba komai ba ce illa jerin irin waɗannan lambobi da aka rubuta a takarda, shugabanni suka sa hannu. Mai ba da lambar a zamanin yau shi ne tauraron ɗan'adam.

Yadda GPS yake gane inda kake

GPS tsari ne na ƙasar Amurka. An harba tauraronsa na farko a 1978, ya kammala fara aiki a 1995. Yana buƙatar taurari aƙalla 24, suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a rana. Ba Amurka kaɗai ke da irinsa ba. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou. Na'urorin safiyo na yanzu suna sauraron dukkansu a lokaci guda.

Mutane da yawa suna zaton tauraron ne yake hango su daga sama. Ba haka ba ne. Tauraron GPS ba ya ɗaukar hoto, bai ma san kana nan ba. Aikinsa kawai ya riƙa aiko da saƙo ta iska yana cewa: ga inda nake, ga kuma lokacin da na aiko wannan saƙo. Na'urar da ke hannunka ce take saurare, ta yi lissafi. Taurari masu ɗaukar hoto daban suke, kamar NigeriaSat-1 da ƙasarmu ta mallaka a 2003.

Don mu fahimci lissafin, mu tuna da damina. Kana ganin walƙiya, sai an ɗan jima ka ji tsawa. Idan ka ƙirga sakan 3 tsakaninsu, to abin ya faru a nisan kimanin kilomita 1, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan. Wato daga jinkiri ka gano nisa. Haka na'urar GPS take yi, sai dai saƙonta da saurin haske yake tafiya, kimanin kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Daga tauraron da ke saitin kanka zuwa ƙasa, saƙon yana ɗaukar kimanin sakan 0.067. Na'ura ta duba jinkirin, ta ninka da saurin haske, ta samu nisa.

Nisa daga tauraro ɗaya bai isa ba. Idan aka ce maka wani gida yana da nisan kilomita 2 daga makarantarmu, yana iya zama gabas ko yamma ko kudu ko arewa. Idan aka ƙara da cewa kilomita 1 ne daga kasuwa, wurare biyu kawai suka rage. Idan aka faɗi nisansa daga tasha, ka gano gidan. Da taurari ma haka ne, amma ana buƙatar huɗu. Dalili shi ne agogo. Taurarin suna ɗauke da agogon atom wanda kusan ba ya kuskure, agogon na'urarka kuwa mai araha ne. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yana jawo kuskuren mita 300. Tauraro na huɗu shi ke ba na'ura damar gyara agogonta.

Me ya sa wayar hannu ba ta isa ba?

Wayar hannu tana iya nuna inda kake da kuskuren kimanin mita 5 idan sarari a buɗe yake. Wannan ya ishi mai neman hanyar gidan biki, amma bai ishi mai shata iyakar ƙasa ba. Kafin watan Mayu na 2000 ma abin ya fi haka muni, domin Amurka da gangan take rage ingancin saƙon da farar hula suke samu, kuskure ya kai mita 100. A wannan watan ne ta daina.

Wani abin da ke kawo kuskure shi ne sararin sama. Can sama akwai wani sashe mai cike da ƙwayoyin lantarki da ke jinkirta saƙo, kuma ya fi rikici a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu. Saƙo kuma yakan bugi gini ko ruwa ya karkato kafin ya iso.

Dabarar masu safiyo ita ce amfani da na'ura biyu. Ta farko a kafa ta a kan turken da an riga an san lambarsa daidai. Ta biyu a ɗauke ta zuwa wurin da ake son aunawa. Tun da ta farko ta san inda take, idan taurari suka ce mata tana wani wuri dabam, ta gane girman kuskuren wannan lokaci. Sai ta aika wa ta biyu, ita ma ta cire shi daga nata lissafin, domin kusan sama ɗaya saƙonsu ya ratso. Da wannan dabara kuskure yana sauka zuwa 'yan santimitoci. A wurare masu muhimmanci akan bar na'ura a kan ƙafafunta uku na awoyi da yawa tana tattara saƙo. Sannu ba ta hana zuwa.

A cikin ruwa kuma jirgin safiyo ne yake aiki. GPS yana gaya masa inda yake, wata na'ura kuma tana aika sauti zuwa ƙasan teku tana jiran amsa-kuwwa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a sakan a ruwan teku, don haka daga jinkiri a gane zurfi. Rundunar sojan ruwan Najeriya tana da irin wannan jirgi mai suna NNS Lana, wanda aka ƙera a Faransa, ya iso a 2021.

Matsalar tsofaffin taswirori

Ga wani abin mamaki: wuri ɗaya yana iya samun lamba biyu, kuma duka daidai ne. Duniya ba mulmulalliya ce cif kamar ƙwallo ba. Ta ɗan kumbura a tsakiya, har nisan daga cibiyarta zuwa tsakiyar bayanta ya fi nisan zuwa ƙuryar arewa da kimanin kilomita 21. Kafin zuwan taurari, kowace ƙasa takan zaɓi siffar duniya da ta fi dacewa da yankinta, ta kuma zaɓi wuri ɗaya ta ce daga nan za a fara duk awo. Wannan shi ne tushen awo. Na Najeriya tun zamanin Turawa yana kusa da Minna, shi ya sa ake kiransa da sunan garin. GPS kuwa yana aiki da tushen awo na duniya baki ɗaya mai suna WGS 84.

Idan ka ɗauki lamba daga tsohuwar taswira ka zuba a na'urar GPS ba tare da juyawa ba, za ta kai ka wani wuri da ya goce da gomman mitoci. Ko a Ingila haka abin yake. Layin sifili na longitud da aka zana a ƙasa a Girinwich, inda baƙi suke ɗaukar hoto, ba shi ne sifilin GPS ba. Na GPS yana kimanin mita 102 gabas da shi.

Kaurin fensir ma matsala ne. A taswirar da santimita 1 yake wakiltar mita 500, layin da kaurinsa milimita 1 ne ya rufe mita 50 na ruwa. Gefen hagu na layin ne iyaka, ko na dama, ko tsakiya? Shi ya sa yarjejeniyoyin zamani suke rubuta lambobi tare da sunan tushen awo.

Yadda maƙwabta suke raba ruwa

Idan ƙasashe biyu suna jere a gaɓa ɗaya, ko suna fuskantar juna, ruwan da kowacce take nema yakan hau kan na ɗayar. Hanyar da aka fi bi ita ce a fara zana layin raba-daidai, wato layin da kowane ɗigo a kansa nisansa ɗaya ne daga gaɓar wannan ƙasa da gaɓar waccan. Daga nan a duba ko akwai dalilin gyara shi, kamar ƙaramin tsibiri da zai ba wata ƙasa rabo fiye da kima. A ƙarshe a duba ko rabon bai yi wa wani ɓangare mummunar ƙwara ba.

Bari mu ga yadda ƙaramin kuskure yake girma. A ce wurare biyu da aka dogara da su wajen zana layin suna da tazarar kilomita 6, sai aka sa ɗaya a inda ya goce da mita 100 zuwa cikin teku. Wannan zai karkatar da layin da kusan digiri 1. A bakin gaɓa ba za ka ma lura ba. Amma idan aka ja layin har kilomita 370, ƙarshensa ya goce da kimanin kilomita 6.2. Ruwan da ke tsakanin layin gaskiya da karkataccen ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,140. Mun sauƙaƙa misalin ne, amma ya nuna dalilin da ya sa mai safiyo yake yini a rana saboda santimita.

Darasin Bakassi

Bakassi yanki ne na ƙoramu da tsibirai a kan iyakar Najeriya da Kamaru, mafi yawan mazaunansa masunta. A ranar 11 ga Maris, 1913, Ingila da Jamus, waɗanda suke mulkin ƙasashen biyu a lokacin, suka yi yarjejeniyar iyaka a wurin. Bayan samun 'yanci, Janar Yakubu Gowon da Shugaba Ahmadu Ahijo suka zana layin teku a Yawunde a 1971, suka ƙara tsawonsa a Marwa a 1975. A kan wata taswirar teku ta Ingila mai lamba 3433 suka yi zanen.

Daga baya rikici ya tashi, sojoji suka yi arangama, aka rasa rayuka. A 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan. Shari'ar ta ɗauki shekara 8. A ranar 10 ga Oktoba, 2002, kotu ta ce Bakassi na Kamaru ne. Hukuncin bai tsaya a teku ba, ya shafi dukkan iyakar ta kimanin kilomita 2,000 tun daga Tafkin Chadi, inda wasu ƙauyuka suka koma Kamaru, wasu wurare kuma a tsawon iyakar suka dawo Najeriya.

A ɓangaren teku, kotu ta karɓi layin 1971 da na 1975 har zuwa wani ɗigo da ake kira G, mai longitud digiri 8, minti 22, sakan 19 gabas, da latitud digiri 4, minti 17 arewa. Daga nan ta ja layi yamma zuwa ɗigon X, mai longitud digiri 8, minti 21, sakan 20, a latitud ɗaya da G. Daga X kuma layin ya nufi kudu, ya ɗan karkata yamma.

Amma aiki bai ƙare da hukunci ba, domin lambobin daga tsohuwar taswira suka fito. An kafa kwamitin haɗin gwiwa na ƙasashen biyu ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, masu safiyo na ɓangarorin suka yi aiki tare har aka juya lambobin zuwa WGS 84. Zuwa 2008 an kammala batun iyakar teku. Yanzu duk jirgin da ke da GPS yana iya sanin ɓangaren da yake.

A ranar 12 ga Yuni, 2006, Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Girintiri a Amurka, a gaban Kofi Annan. A ranar 14 ga Agusta, 2008, Najeriya ta kammala miƙa Bakassi. Abin bai zo wa mutane da sauƙi ba. Iyalai da yawa sun bar inda aka haife su, suka koma zaman gudun hijira a jihar Kuros Riba da maƙwabtanta. A 2012 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa Kuros Riba ba ta cikin jihohin gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 suka zama na Akwa Ibom. Har yau akwai 'yan Najeriya da suke ganin an yi asara. Akwai kuma masu cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, tun da ba a kai ga cikakken yaƙi ba. Mu a namu ganin, duka biyun gaskiya ne, kuma ya kamata duk mai zana layi ya tuna cewa akwai mutane a ƙarƙashin fensirinsa.

Ba kullum ake zuwa kotu ba

Najeriya da Ikwatoriyal Gini sun shata iyakar tekunsu ta hanyar yarjejeniya a shekarar 2000. Da ƙasar Sawo Tome da Firinsife kuwa, wata dabara aka yi a 2001. Maimakon a ja layi, sai aka kewaye yankin da ake taƙaddama a kai da lambobi, aka ce a haƙi mai tare, Najeriya ta ɗauki kashi 60 cikin 100, ɗayar ta ɗauki kashi 40. Gana da Kodebuwa kuma sun je kotun dokar teku da ke Hambag a Jamus, aka yanke musu hukunci a watan Satumba na 2017, da layin raba-daidai aka yi amfani, kuma duka biyun suka karɓa.

Akwai sabuwar tambaya da ke gaban duniya. Teku yana ƙara hawa, yana cin gaɓa. Garin Ayetoro a jihar Ondo ya rasa gidaje da yawa ta haka. Idan gaɓa ta ja baya, layin tushe ma zai ja baya ne? A 2021 ƙasashen tsibiran Tekun Fasifik suka ba da sanarwa cewa iyakokin da suka riga suka auna suka ajiye lambobinsu a Majalisar Ɗinkin Duniya ba za su ragu ba, ko da ruwa ya hau. Ke nan ƙasar da ta auna gaɓarta da kyau tun da wuri ta yi wa kanta tanadi. Rigakafi ya fi magani.

Gwajin da za mu iya yi a filin ƙwallo

Ba sai da na'ura ba. A samo turaku 3, igiya 3, da tef ɗin awo. A kafa turakun nesa da juna, su ne taurarinmu. Rukuni na farko ya binne marfin kwalba a wani wuri tsakaninsu ba tare da sauran sun gani ba, ya auna nisansa daga kowane turke, ya rubuta a takarda. Rukuni na biyu ya yanki igiyoyi daidai da waɗannan tsawo, ya ɗaura kowacce a turkenta, mutum ɗaya ya riƙe bakinsu duka ya ja har su miƙe. Inda suka haɗu, nan marfin yake. Bayan haka a ƙara wa igiya ɗaya taku biyu a sake gwadawa, a ga yadda wurin zai goce. Muna roƙon malamanmu na lissafi da na labarin ƙasa su taimaka mana da lokaci da tef.

Ga wanda aikin ya ba sha'awa, ya riƙe lissafi da kimiyya da labarin ƙasa da kyau. Akwai Makarantar Safiyo ta Tarayya a garin Oyo, jami'o'i da dama ma suna koyar da shi. Masu wannan ilimi suna aiki a Ofishin Babban Safiyo na Ƙasa, da Hukumar Kula da Iyakoki ta Ƙasa, da rundunar sojan ruwa. Ba a ce sai ɗan bakin teku ba, kuma ba a ce sai namiji ba.

Tambayoyin wannan mako

1. Mil 24 na teku kilomita nawa ne?

2. Jirgin safiyo ya aika sauti ƙasan teku, amsa ta dawo bayan sakan 2. Mene ne zurfin wurin? A tuna sautin zuwa ya yi ya dawo.

3. Idan sakan 1 na longitud a yankin Bakassi kimanin mita 31 ne, mene ne nisan ɗigon G daga ɗigon X?

4. Me ya sa na'urar GPS take buƙatar tauraro na huɗu?

5. A ganinka, tsakanin jan layi da haƙar mai tare, wanne ya fi? Kawo dalili biyu.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Don Allah kada a yage takardar allo, kada kuma a rubuta amsa a jikinta. 

Daga wakilan aji 2 na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.